Ƙugiyar da ta ɓace daga kwalin kaset: tarihin rubuta sunayen makaɗanmu

Mai karatu, in kana da tsohon kwali na kasa-kasai a gida, irin wanda iyaye ke turawa ƙarƙashin gado, ina roƙonka ka jawo shi kafin ka ci gaba da karatun nan. Ni na jawo namu ne lokacin da na je hutu gida Birnin Kebbi, ina neman wata takarda a ɗakin mahaifinmu. Kaset uku suka tsayar da ni. Na farko an buga DANKWAIRO da manyan haruffa a kwalinsa, sai wani ya bi da jan biro ya ƙara wa D da K ƴar lanƙwasa a sama. Na biyu an buga GAMBU MAI WAKAR BARAYI, babu wanda ya gyara shi. Na uku ba shi da bugu sam, farin kwali ne da aka rubuta sunan makaɗin da ajami, da hannu.

Kiɗan da ke ciki duk na yankinmu ne, amma rubutun bayansa iri uku ne. Da na bi sawun dalili, sai na tarar tarihin rubutun bangon faifai da kaset na Hausa tarihi ne na kayan aiki: wa ke riƙe da na'urar da ake rubutun da ita, kuma don wane harshe aka ƙera ta. Duk lokacin da sabuwar na'ura ta zo, abin da ke fara faɗuwa shi ne wannan ƴar ƙugiya da ke kan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai mutane su bi da hannu suna mayar da ita.

Me ƙugiyar take yi?

Ɗora yatsanka a kan zakaran wuyanka. Ka ce "kafa", sannan ka ce "ƙafa". A ta biyun za ka ji maƙogwaron ya ɗan yi tsalle sama. Abin da ya faru shi ne tantanin murya ya rufe, bayan harshe ma ya toshe hanya, iska ta maƙale a tsakani, maƙogwaro ya tunkuɗo ta sama har ta fashe waje. Yanzu ka ce "bata" da "ɓata", ko "daki" da "ɗaki". A nan maƙogwaron ƙasa yake ɗan yi, kamar zai zuƙo iska ciki. Waɗannan sautuka ne masu zaman kansu a Hausa, kuma Ingilishi ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka abacadan da Turawa suka zo da shi bai tanadar musu gurbi ba.

Kana iya cewa ai Bahaushe zai gane ko babu ƙugiya. A cikin doguwar jimla, sau da yawa haka ne, domin kalmomin da ke kewaye suna taimako. Amma bangon faifai ba jimla ba ce. Kalma biyu ce ko uku, tsaye su kaɗai. "Waƙar gada" da "waƙar gaɗa" ba abu ɗaya ba ne: ɗaya ta dabbar daji ce ko ta abin da ake tsallaka kogi da shi, ɗaya kuwa ta ƴan mata ce a dandali. "Makaɗin fada" mai yi wa sarki kiɗa ne; ƙara ƙugiya inda ba ta, ka mayar da shi "makaɗin faɗa". Kogin da ake gasar su a Argungu sunansa Matan Fada. Ka yi tunanin allon maraba da baƙi da wani mai zumuɗi ya rubuta "Matan Faɗa" a kai. Ka ga ke nan rashin ƙugiya ɓarna ne, sa ta a inda ba ta ma ɓarna ne.

Kuma ka lura da sunayen manyan makaɗan ƙasar Sakkwato, Zamfara da Kabi: Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri, Muhammadu Gambu na Fagada mai waƙar ɓarayi. Da wuya ka sami wanda sunansa ko laƙabinsa ya tsira daga ƙugiya. Hatta kalmomin sana'ar kansu, waƙa da kiɗa da makaɗi da mawaƙi, duk da ita suke tafe.

Kafin boko, alƙalami ya riga ya warware rabin matsalar

Tun kafin zuwan Turawa, malaman Gwandu da Birnin Kebbi da sauran garuruwan daular Usmaniyya suna rubuta waƙoƙin Hausa da ajami. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne haruffan Larabci sun ba su hanyar bambanta wasu daga cikin sautukan nan. An ba "k" harafin kaf, aka ba "ƙ" harafin ƙaf. An ba "d" dal, aka ba "ɗ" harafin da almajirai ke kira ɗa mai hannu. Wanda ya fi zama cikin duhu shi ne "ɓ", domin galibi da ba ake rubuta shi, mai karatu ya gane da kansa. Wato mutumin da ya rubuta sunan makaɗi da ajami a kan farin kwalin nan na gidanmu ya fi injin da ya buga DANKWAIRO kusa da yadda bakinmu ke furta sunan.

Boko kuwa ya sha faɗi-tashi. Turawan mishan da suka fara rubuta Hausa da haruffan Rumawa a ƙarni na 19, irin su J. F. Schön, kunnensu bai kama bambancin sosai ba. Waɗanda suka biyo baya suka riƙa sa ɗigo a ƙasan harafi ko waƙafi a gefensa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, aka yi ta aiki da su a makarantun boko na farko. Ɗigo da waƙafi suna da aibu a maɗaba'a: ɗigo yakan ɓace in tawada ta yi ƙaranci, waƙafi kuma yana rikicewa da alamar zance.

Haruffa masu ƙugiya sun fito ne daga yunƙurin wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan, wadda masanin harshe Bajamushe Diedrich Westermann ke cikin jagororinta, a ƙarshen shekarun 1920. A shekarun 1930 aka karɓe su a rubutun Hausa, lokacin da Rupert East ke shugabantar hukumar talifi a Zariya, hukumar da gasarta ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita da Abubakar Imam a matsayin edita, a 1945 kuma aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya.

To ga inda gizo ke saƙa. A zamanin nan harafi ƙarfe ne. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne da ake zubawa a ma'auni, ana jera su ɗaya bayan ɗaya, a shafa tawada, a danna takarda. In kana son ƙ, dole wani ya sassaƙa mata uwar zubi, kuma ga kowane girma da kowane salo sai an yi nata daban. Maɗaba'ar Zariya tana da su domin aikinta ke nan. Ƙaramar maɗaba'ar da ke buga katin biki a Legas ko Ibadan ba ta da dalilin kashe kuɗi a kansu. Riƙe wannan, domin shi ne ya yanke wa bangon faifanmu hukunci.

Yadda faifai ya sami fuska

Faifan garmaho na farko-farko ba su da bango mai ado. Takarda ce ruwan ƙasa mai rami a tsakiya don a ga tambarin kamfani da sunan waƙa. Kowane gefe ba ya wuce minti uku zuwa biyar, saboda haka doguwar waƙa sai an raba ta faifai da yawa, a haɗa su cikin wani abu mai kama da littafin ajiye hotuna. Daga nan kalmar "albam" ta shigo harkar kiɗa. A 1939 kamfanin Columbia na Amurka ya ɗauki wani matashi, Alex Steinweiss, aikin zane, shi kuma ya shawo kansu su bar shi ya yi wa waɗannan albam bango mai hoto da rubutu mai salo. Na farkonsu ya fito a 1940. A 1948 kamfanin ya fito da babban faifai mai dogon zango, wanda bangonsa ya kai kusan santimita 31 a tsaye da kwance. Wannan fili ne babba, kusan faɗin faifan da ake rufe ƙwarya da shi, kuma masu zane suka baje kolinsu a kai.

A Najeriya wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Lemi Ghariokwu, wanda ya fara yi wa Fela Kuti bango a 1974, ya yi masa guda 26. Da hannu yake zana yawancin haruffansa, shi ya sa suke lanƙwasa yadda ya ga dama, suna ihu tare da kiɗan. Hannu ba ya jiran uwar zubi.

Makaɗan Hausa da suka shiga faifai a wannan zamani, irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, kamfanonin da ke Legas irin su EMI ne suka fi ɗaukarsu. Can ake tsara bangon, can ake bugawa, da haruffan da aka ƙera don Ingilishi. A shekarun 1960 wani kamfanin Ingila, Letraset, ya yaɗa haruffan da ake gogawa daga leda su manne a takarda, suka zama abin yayi wajen rubuta manyan kanu. Su ma A zuwa Z ne. Mai tsara bangon da ba ya jin Hausa ba shi da yadda zai san cewa D ɗin "Dan" daban take da D ɗin "Daura". Ko da ya sani, ledar ba ta da ita. Haka aka saba ganin sunayen makaɗanmu a tuɓe, har ido ya ɗauka haka suke.

Zamanin kaset: fili ya ƙanƙance, hannu ya dawo

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963. Zuwa shekarun 1970 da 1980 rakoda ta cika gidajen arewa, ta sauya komai. Faifai sai kamfani. Kaset kuwa duk mai rakoda biyu ya zama kamfani. Makaɗan yankinmu da yawa ba su taɓa taka situdiyon Legas ba. Ana ɗaukar su ne a wurin naɗin sarauta, ko gidan biki, ko filin dambe da kokawa, ko a gidan rediyo irin Rediyon Kaduna da Rima Rediyo ta Sakkwato. Taro irin na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, yana tara makaɗa da maroƙa daga ko'ina cikin ƙasar Kabi, kuma mai rakoda ba ya rasa abin ɗauka. Daga nan kaset ya shiga hannun masu kwafi, ya bi motocin kasuwa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama babbar cibiyar kwafi da rarrabawa, ƙananan masu shago a Jega da Argungu da Birnin Kebbi suna sari suna kuma yin nasu.

Amma dubi abin da ya sami filin rubutu. Fuskar kwalin kaset kusan santimita 10 ce da 6 da rabi. In ka yi lissafi, bangon babban faifai ya kai murabba'in santimita 960, na kaset kuwa 65 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin 15. Kuma a shago ba fuskar ake gani ba. Jera su ake yi kamar littattafai, sai ɗan siririn gefen nan da bai kai santimita ɗaya da rabi ba. A nan ne dole sunan makaɗi ya shiga, a kuma hango shi daga bayan kanta.

A nan kimiyyar gani ta shigo. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe abu biyu in tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusurwar digiri ɗaya da aka raba gida 60. A kan wannan ma'auni likitan ido Herman Snellen ya gina allon gwajin idonsa a 1862, wanda har yau kake gani a asibiti. In kana tsaye mita 2 daga kanta, wannan kusurwa ta yi daidai da kusan milimita 0.6. Harafin da ke gefen kaset bai fi milimita 6 ko 7 ba, ƙugiyarsa kuwa ba ta fi milimita ɗaya da ɗoriya ba. Tana dab da iyakar abin da ido ke iya gani, a shagon da hasken fitila bai wadata ba. Ga kuma takarda mai arha da ke shan tawada ta baje, ga hoton kwafi da aka sake kwafa daga wani kwafin. Kowane zagaye yana cinye ƙananan sassan harafi, kuma ƙugiya ce ƙaramar cikinsu.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. A Amurka, Matthew Carter ya ƙera wani zubin haruffa mai suna Bell Centennial a 1978 musamman don littafin lambobin tarho, inda rubutu ƙanana ne, takarda kuma ta banza. Ya rarake kusurwoyin haruffan da gangan, don in tawada ta baje ta cika ramin maimakon ta cushe harafin. Su sun sami wanda ya zauna ya yi wa matsalarsu injiniyanci. Ƙugiyarmu a kan kwalin kaset ba ta sami wannan gata ba.

Abin da ta samu shi ne hannu. Mai shago da biro ko alƙalamin maka, mai fentin allo da ya saba rubuta kirari a bayan gingimari, ɗan makaranta da ya koyi ƙa'idar rubutu a aji, su ne suka riƙa lanƙwasa kan harafi. Ko takardun da aka buga da tafireta haka ake yi musu: a buga k, a bi da biro a yi mata ƙugiya. A shekarun 1980 an yi yunƙurin magance wannan a matakin ƙasa, inda cibiyar harsuna ta tarayya da masana irin su Kay Williamson suka tsara abacada guda da zai wadaci manyan harsunan Najeriya, har shahararren mai ƙera haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a zanensa. Aiki ne mai kyau, sai dai bai gangaro shagon mai kaset ba.

Akwai kuma batun kare-harshe, wanda mu mutanen Kabi muka fi kowa ji a jika. Mu "kiɗi" muke cewa inda Bakano ke cewa "kiɗa", shi ya sa sunan makaɗin Jankiɗi yake haka. Muna cewa "ɗiya" inda wasu ke cewa "ƴa". Sunan jihar ma, Kebbi, rubutun Turawa ne na Kabi. Mai rubuta kwalin kaset a Kano yakan daidaita sunan waƙa zuwa Hausarsa ba tare da ya sani ba. In kuma kaset ya tsallaka iyaka ta Kamba zuwa Gaya da Doso, sai ya tarar da wata ƙa'idar: a Nijar harafin ƴ ake rubutawa, a Najeriya kuwa an fi sabawa da waƙafi kafin y. An zauna taruka don daidaita rubutun, a Bamako a 1966 da kuma Yamai a 1980, amma bambancin nan yana nan har yau.

Kwamfuta ta zo, ƙugiya ta sake faɗuwa

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin farko da ya yaɗu, wanda aka yi a Amurka a shekarun 1960, gurbi 128 kawai gare shi, kuma babu namu a ciki. Da shagunan buga takardu suka yawaita a shekarun 1990, aka koma tsara kwalin kaset da fastar fim a manhajoji irin su CorelDRAW, sai matsalar zamanin dalma ta dawo da sabuwar riga. Masana suka nemi dabara. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin haruffan Hausa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna amfani da su. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Tana aiki muddin kwamfutar da za ta buɗe rubutun tana da zubin. In babu, sai asiri ya tonu. Shi ya sa har yau kake cin karo da "wa}a" da "]aya" a tsofaffin rubuce-rubuce a intanet, ko "qasa" da "xaya" da "varawo".

Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba haruffan mafi yawan harsunan duniya kowanne lambarsa ta kansa. Harafin k lambarsa 107, ƙ kuwa 409. Harafin d 100 ne, ɗ 599. Harafin b 98, ɓ 595. Amma samun lamba daban, samun zane daban. Lamba kamar lambar gida ce a unguwa. Sai mai ƙera zubin haruffa ya gina gidan. Yawancin zubi masu ado da ake sha'awa don bangon waƙa ba a zana musu haruffanmu ba. In ka rubuta Ɗanƙwairo da irinsu, manhajar takan aro Ɗ da ƙ daga wani zubin daban, sai ka ga haruffa biyu sun rame a tsakiyar masu ƙiba, ko kuma ka ga ɗan akwati fanko a wurinsu. Mai zane da ke sauri ya ga abin ya yi muni, sai ya goge ya sa D da K. Ka ga inda muka koma.

Yau kuma bangon ya ƙara ƙanƙancewa. Na faifan CD santimita 12 ne. Da aka koma tura waƙa a memori wajen masu shagon caji, bango ya ɓace gaba ɗaya, sunan fayil ya zama shi ne bangon. Manhajojin sauraron waƙa na yanzu sukan nemi hoto mai ɗigo 3000 a tsaye da kwance, amma a wayarka sukan matse shi ya koma kamar 150 a jerin waƙoƙi. An rage shi sau 20 ke nan. Ƙugiyar da kaurinta ɗigo 30 ne a kwamfutar mai zane ta koma ɗigo ɗaya da rabi. Lissafin gefen kaset ne ya sake dawowa.

Abin da ke cikin hatsari

Za ka iya cewa duk wannan ado ne, kiɗan dai yana nan. To ka gwada neman waƙar wani makaɗin yankinmu a intanet. Za ka same shi da suna huɗu ko biyar: da ƙugiya, babu ƙugiya, a haɗe, a rabe, Gambu a nan, Gambo a can. Ga na'ura, ƙ da k baƙin juna ne. Harafin Faransanci irin é, Unicode ya san e ne da alama a kansa, don haka manhajar bincike tana iya cire alamar ta gane shi. Namu ba haka aka yi musu rajista ba. Kowanne harafi ne guda da ba ya rabuwa, kuma ba kowace manhaja ce aka koya wa danganta shi da ɗan'uwansa ba. Sakamakon shi ne aikin mutum ɗaya ya warwatse kamar na mutum biyar.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Kebbi. Shata ya rasu a 1999, Gambu a 2016. Waɗanda suka san a gidan wa aka yi wace waƙa, a wace shekara, suna ta raguwa. Sau da yawa shaidar da ta rage ita ce abin da wani ya rubuta da biro a kwalin kaset. A Argungu muna da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831 aka mayar gidan tarihi a 1958, inda aka adana makamai da kayan sarauta da kayan su. UNESCO ta sa bikin kamun kifi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kwalin kaset bai kai takobin sarki daraja a ido ba, amma shi ma takardar tarihi ce, kuma gara da damina ba sa jira.

In kai mai zane ne, ko mai kwali a ƙarƙashin gado

Wannan ne karo na farko a tarihin nan da kayan aikin ke hannunmu kyauta. Zubin haruffa irin su Noto na Google, da Charis da Andika da Gentium na cibiyar SIL, duk suna da haruffanmu manya da ƙanana. SIL ɗin ta fitar da wani mai suna Alkalami a 2017, wanda aka zana bisa salon ajamin Kano. Allon rubutu na waya irin Gboard yana da Hausa.

In za ka tsara bango, kafin ka ƙyasa wani zubi, fara rubuta Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ɓ ɗ ƙ ƴ da shi ka gani ko nasa ne ko aro ya yi. Ka kula da manyan Ɗ da Ɓ, domin ƙugiyarsu hagu take leƙawa, tana iya sa farkon layi ya yi kamar ya goce. Ƙananan ɗ da ƙ da ɓ kuwa sama suke lanƙwasawa zuwa dama, kuma ta ɗ takan yi karo da ɗigon i a kalma irin "kiɗi", sai ka ɗan buɗa tsakaninsu. Kada ka matse layuka har ƙafar na sama ta taɓa ƙugiyar na ƙasa. Ka rage hoton ya koma girman farcen babban yatsanka, ka miƙa wa wani ya karanta; in bai ga ƙugiyar ba, ƙara mata kauri. In zubin da ranka ke so ba shi da ita, zana ta da hannu yadda Ghariokwu da masu fentin gingimari suka yi. Wajen ɗora waƙa a intanet, sa sunan daidai a take, sannan ka ƙara wanda babu ƙugiya a cikin bayani don mai nema ya same shi ta kowace hanya. Ka kuma tambayi makaɗin ko iyalansa yadda suke furta sunan, ka rubuta shi haka.

In kuwa kwali kawai kake da shi, ɗauki hoton kowane kaset gaba da baya da gefe, har da rubutun biro, kafin ka mayar da sautin cikin waya. Ka nemi dattijon gidan ya faɗa maka wanda ya yi rubutun da inda aka ɗauki kiɗan, ka rubuta ka ajiye tare da hoton.

Na tambayi mahaifinmu wa ya bi DANKWAIRO da jan biro. Ya yi dariya ya ce shi ne, lokacin yana koyarwa a firamare, da biron da yake duba littattafan yara. Ya ce bai iya barin sunan mutum kamar Ɗanƙwairo ya kwana a gidansa da kuskure ba.